Kafin Rana Ta Yi Tsaka

Karatunmu na yau yana cikin littafin Sarakuna na Biyu, sura 4, aya 18 zuwa 37. In an gama shirin nan, ku karanta shi tare da iyalinku.

A garin Shunem akwai wata mace wadda ta yi wa annabi Elisha ɗakin sauka a gidanta. Ba ta da ɗa, mijinta kuma ya tsufa, amma Allah ya ba ta ɗa namiji. Da yaron ya yi wayo, wata rana da kaka ya je gona wurin mahaifinsa, inda ake girbi. Can ya kama kuka da ciwon kai. Uban ya sa bara ya ɗauke shi ya kai wa uwarsa. Ba mu ji ya bi su gida ba. Yaron yana kan cinyar uwarsa har tsakar rana, ya mutu.

Ni manomi ne ɗan manomi, na san girbi ba ya jira. Mutumin nan ba mugu ba ne. Ya ɗauka ƙaramin abu ne, kuma ciwon yaro ai maganar mata ce. Haka da yawa cikinmu muke yi. Jikin yaro ya yi zafi, sai uba ya ce a jiƙa masa wani abu, ko a sayo ƙwaya biyu a kyamis, a ga yadda zai kwana. Kuɗin acaba yana aljihunsa, izinin fita yana bakinsa, shi kuwa yana gona.

A wani ƙauye da na yi aikin bishara, na binne yarinya 'yar shekara uku. Zazzaɓi ya kama ta ran Alhamis. Uwar ta roƙa a kai ta asibiti, uban ya ce a bari sai ran kasuwa ya sayar da gyaɗa. Ran Asabar da dare ta fara jijjiga, ba ta kai asuba ba. Buhunan gyaɗar suna jingine a ɗakin da muka zauna makoki. Har yau ina tuhumar kaina, gama na ziyarce su ran Jumma'a, na yi addu'a, na tafi, ban ce su tashi mu je ba.

Waɗansu suna cewa zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. To, ku dubi sura 20 ta wannan littafi. Sarki Hezekiya ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ji, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Waɗanda suka kawo mana bishara su ne suka buɗe asibiti a Vom da Garkida tun shekarun 1920. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Yaro ba ya iya kai kansa asibiti, ba shi da kuɗi, wani ma bai iya faɗin inda ke masa ciwo ba. Saboda haka magani hakkinsa ne a wuyanmu, ba alfarma ba. Dokar kare hakkin yara ta Nijeriya ta 2003 ma ta ce kowane yaro yana da hakkin samun kulawar lafiya, ta kuma wajabta wa mai riƙon yaron da bai kai shekara biyu ba ya tabbata an yi masa rigakafi duka. Ana fara allurar tun daga haihuwa, a koma a mako 6, da 10, da 14, ta ƙyanda kuma a fara ta a wata 9. Rigakafi ne ya sa aka shaida a 2020 cewa asalin ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka. Hakkin nan ɗaya ne ga 'ya mace da ɗa namiji, da marayan ɗan'uwanka da kake riƙo.

Iyaye, ku ji da kyau. In yaro ya ƙi nono ko ruwa, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, ko numfashinsa yana sauri haƙarƙari yana faɗawa, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, ba a jiran gari ya waye. Kada a kai ƙafarsa kusa da wuta, kada a ɗura masa komai yana jijjiga. In zawo ne, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da shayarwa, a kama hanya.

Matar Shunem ta aika wa mijinta a ba ta jaki da bara. Shi bai san yaron ya mutu ba, ya ce ai yau ba ranar sujada ba ce. Ba ta tsaya dogon bayani ba, ta ɗaura wa jaki sirdi ta nufi Dutsen Karmel, ta kuma ƙi komowa sai da annabin ya biyo ta. Allah ya ta da ɗanta ta hannun Elisha.

Dattawan ikkilisiya da Zumuntar Mata, ga roƙona. Da kakar bana kowane gida ya ba da mudu ɗaya, a sayar, a ajiye kuɗin domin yaron da za a fita da shi cikin dare. A san kuma mai babur ɗin da za a buga wa ƙofa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka dubi gidan da ake jinyar yaro a wannan sa'a, ka ba uban ƙarfin tashi yanzu, ka buɗe musu hanya. Cikin sunan Yesu, amin.