MAI GIDA DA MAZAUNIN DA BA SHI DA TAKARDA

(Jawabin da wani ɗan uwa ya gabatar a zaman matasa bayan sallar Isha'i)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da iyalan gidansa.

To 'yan uwa, da yawanmu a shago ko ɗakin zaure muke kwana, ba mu sa hannu a kan wata takarda ba. Shin mai gida yana da ikon ya tashe mu? E, yana da shi, domin gidansa ne. Amma ta wace hanya?

Mazauna marasa takarda kashi uku ne. Na farko, wanda yake biyan haya da yarjejeniyar baki. Wannan ɗan haya ne cikakke, domin a fiƙihu haya tana ƙulluwa da magana. Na biyu, wanda aka ba shi aron ɗaki kyauta. Malaman Malikiyya sun ce in an yanka lokaci, mai gida ba zai karɓe ba sai lokacin ya cika. In ba a yanka ba, sai a bar shi gwargwadon abin da al'ada ta sani. Na uku, wanda ya shiga ba izini. Wannan ƙwace ne, wajibi ne ya fita.

A dokar ƙasa ma rashin takarda ba ya zubar da haƙƙi. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce in ba a yi wani sharaɗi ba, mai biya wata-wata a ba shi sanarwar wata 1, mai biya shekara-shekara wata 6. Bayan ta ƙare a ƙara masa ta kwana 7, sannan a tafi kotu. Wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfi yana iya fuskantar tara ko ɗaurin wata 6. Ko gwamnati ba a ƙyale ta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta tsawatar wa gwamnatin soja ta Legas saboda ta sa 'yan sanda sun fitar da Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali shari'a tana gaban kotu.

Saboda haka ya ɗan uwa, in wani mai gida ya kira ka ya ce ku zo ku yaye kwano, ko ku cire ƙofa, ko ku watso kayan mata da yara waje, kada ka je. Ɗan abin da zai ba ka zai ƙare, alhakin kuma yana wuyanka.

Kai kuma mazauni, ka ji tsoron Allah. Aro ba ya zama gado. In an ba ka lokaci ya cika, ka yi godiya ka tashi. In za ka kama ɗaki gobe, ku rubuta, ku sa shaidu.

Allah ya tsare mu da zalunci, ko mu yi ko a yi mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.