Dacewar Giyar Distiributa da Kamshaf



Tsofaffin motocin Peugeot 504, irin waɗanda aka soma harhaɗawa a Kaduna cikin 1975, sun daɗe suna jigilar mutanen Daura zuwa Kano ta Kazaure. A injinsu akwai distiributa, wadda ke rarraba wuta ga fulogai, kuma kamshaf ne ke juya ta da haƙoran giya. Haƙoran nan su ne abin maganarmu yau.

Maƙeran Daura ma sun san cewa idan ƙarfe biyu suna gugar juna, ɗaya zai ci ɗaya. Masu gyaran injin tsere a Amurka sun ɗauki wannan da muhimmanci ƙwarai. In kamshaf na ƙarfen zubi ne, sai su sa masa giya ta ƙarfen zubi. In kuwa an sassaƙo shi daga curin sitil, sai su sa ta tagulla, da gangan, domin ita ta cinye, shi ya tsira. Dalili kuwa, sauya giya aikin yini ne, sauya kamshaf sai an farke inji.

To, ina haɗarin? Idan aka haɗa waɗanda ba su dace ba, garin ƙarfe zai shiga baƙin mai, taimin ya riƙa yawo. Mafi muni, a yawancin injinan nan giyar ce ke juya famfon mai. Ranar da haƙoranta suka ƙare, mai zai daina zagayawa, inji ya buga. Saboda haka nake ganin wajibi ne bakanike ya tambayi irin ƙarfen kafin ya tambayi kuɗi.