Ziyarar Dattawan Wasan Kwaikwayo: Jawabi ga 'Yan'uwa Ɗalibai



Abin da muke so mu yi magana a kansa yau shi ne saduwa da dattawan da suka kafa wasan kwaikwayo na talabijin da silima a ƙasar Hausa, da kuma abin da ya kamata mai sha'awarsu ya yi in Allah ya haɗa shi da ɗayansu.

Mu dai ba a haife mu ba sa'ad da waɗannan wasanni suke tashe. A bakin iyayenmu muka fara jin sunayensu, daga baya muka ga ɗan abin da ya saura na hotunansu, sha'awarsu kuwa ta kama mu tun muna firamare. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, a nan ne aka san Alhaji Usman Baba Pategi, watau Samanja Mazan Fama. Banufe ne ɗan gidan sarautar Pategi, ya kuma yi aikin soja, shi ya sa Hausar barikin da yake yi ta zauna a bakinsa, har farar hula suka san zaman bariki ta hanyar dariya. Akwai Alhaji Kasimu Yero na Karambana da Magana Jari Ce, wanda kuma ya fito a wasan Turanci na Cock Crow at Dawn da aka fara nunawa a 1980. Ta wajen silima kuwa, a 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Balewa fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehu Umar. Duk wannan ya faru kafin fim ɗin bidiyo na Turmin Danya ya fito a Kano a 1990.

To, ina ruwanmu da neman ganinsu, tun da ana iya kallon wasannin? Dalili shi ne, yawancin wasannin Hausa na wancan zamani ba a rubuce suke kalma da kalma ba. Akan tsara labari, kowa ya san matsayinsa, sauran magana kuwa daga ka take fitowa. Saboda haka yadda aka ƙirƙiro kowane ɗan wasa, da wanda ya koya wa wani, da yadda aka yi fama da ƙarancin kayan aiki, duk a ƙirjin mutanen suke. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja ya bi shi a 2023, Allah ya jiƙansu. Duk tambayar da ba a yi musu ba, ta tafi ke nan.

Abin takaici, in ɗan zamaninmu ya sami ɗaya daga cikin waɗanda suka rage, sai ya zaro waya ya ɗauki hoto, ya roƙi tsoho ya maimaita maganar da aka san shi da ita, a yi dariya a watse. Wannan ba girmamawa ba ce. Wanda ya isa gabansu ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni, yaya ƙarfin jiki?" Ya kira shi da sunansa na yanka, domin mutum ne mai iyali, sunan wasa riga ce da yake sawa ya tuɓe. Sa'an nan ya zauna ya yi tambaya, ya saurara, kada kuma ya je hannu rabbana, gama da yawansu ba su tara dukiya da wannan sana'a ba.

Shawararmu ga ƙungiya guda uku ce. Na farko, a kafa kwamiti ya binciko dattawan da ke raye a Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato, har da matan da suka yi wasa a lokacin da ake ganin abin kunya ne. Na biyu, a je da izininsu a ɗauki hirarsu, a rubuta ta. Na uku, a ajiye kwafe a laburaren jami'a, a kai wa iyalansu nasu. 'Yan'uwanmu ma'aikata, musamman na gidajen watsa labarai, muna roƙonku ku buɗe mana ƙofa. Wanda ya yarda zai yi wannan aiki a hutun da ke tafe, ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.