Awa 15 A Kujerar Ikonomi: Yadda Za Ka Sauka Da Ƙarfinka, Da Gaskiyar Maganar Falon Hutu

 Yau maganar doguwar tafiya a jirgin sama za mu yi. Mu ɗauka ka samu biza, ka biya tikiti, kuma tikitin nan na ikonomi ne, wato kujerun baya inda yawancinmu muke zama. To ya za ka yi ka sauka da ƙarfinka bayan awa goma sha biyar a hanya? Sannan falon hutun nan na filin jirgi da kuke gani a Instagram, wanda ake rubuta Lounge a ƙofarsa, ya cancanci kuɗinka ko burga ce kawai?

Bari mu ɗauki hanyar da 'yan kasuwarmu suka fi sani. Ka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano da jirgin Ethiopian, ka yi awa huɗu zuwa biyar ka sauka a Bole, Addis Ababa. Ka yada zango, ka sake hawa wani jirgin, ka yi kusan awa goma kafin ka ga Guangzhou. Ga kuma bambancin lokaci na awa bakwai tsakanin Najeriya da Sin. Ɗalibin da zai tafi Malesiya ta Doha, ko wadda za ta je Kanada ta Istanbul, duk kusan lissafi ɗaya ne.

Mu fara da kujerar kanta. A yawancin jiragen doguwar tafiya, tazarar da ke tsakanin kujerarka da ta gabanka inci 31 ce zuwa 32, faɗinta kuma inci 17 zuwa 18. Iya filinka ke nan. Kun san tafiyar da ta fi kowace tsawo a duniya yanzu? Singafo zuwa New York, sama da awa 18 ba tsayawa. To jirgin da kamfanin Singapore Airlines ya ware wa wannan hanya babu kujerar ikonomi ta gama-gari a cikinsa ko ɗaya. Su ma sun san abin da zaman yake yi wa jiki.

Ni dai idan tafiya ta wuce awa shida, kujerar bakin hanya nake zaɓa, ba ta taga ba. Na san taga akwai daɗin hoto, akwai jingina kai. Amma a jirgin Boeing 777 da aka jera kujeru uku, huɗu, uku, idan kana jikin taga sai ka tashi mutum biyu daga barci kafin ka je banɗaki. Mu kuma akwai mu da kara, sai mutum ya gwammace ya riƙe fitsari, ya ƙi shan ruwa, ya zauna kamar an dasa shi. Nan matsalar take farawa. Ka kuma guji layin ƙarshe, domin sau da yawa kujerar ba ta kwanciya sosai, ga layin masu jiran banɗaki a kanka. Idan kana tsoron jijjigar jirgi, nemi kujerar da ke daidai fiffike, can ta fi sauƙi. Yawancin kamfanoni suna buɗe tantance tikiti ta intanet awa 24 zuwa 48 kafin tashi. Saita ƙararrawa a wayarka, ka shiga da wuri tun kafin a kwashe kujeru masu kyau.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a shirin yau, don Allah a saurara da kyau. Jini. Idan mutum ya daɗe a zaune ƙafa a lanƙwashe, jinin da ke manyan jijiyoyin ƙafa yana tafiya a hankali, har yana iya daskarewa ya zama guda. Idan gudan nan ya ɓalle ya bi jini ya toshe jijiyar huhu, ana iya rasa rai. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bincikenta kan wannan, ta ce haɗarin yana ninkawa kusan biyu idan mutum ya yi tafiyar awa huɗu ko fiye a zaune. Amma kar hankalinku ya tashi, ta ce abin yana samun kusan mutum ɗaya ne cikin 6,000. Kuma ba jirgi kaɗai ba, har mota da jirgin ƙasa. Wato mai hawa lakzuriyas daga Kano zuwa Legas shi ma maganar ta shafe shi.

Su wa ya kamata su fi kula? Mai juna biyu, wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, mai shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, mai ƙiba sosai, mai ciwon daji, da wanda jininsa ya taɓa daskarewa a baya. Idan kana cikinsu, ga likita kafin ka tafi, ka tambaye shi game da safar nan mai matse ƙafa. Kar ka je kemis ka sayi maganin tsinka jini da kanka don wani ya faɗa a TikTok. Sauranmu kuma abin mai sauƙi ne: duk awa ɗaya ko biyu ka miƙe ka taka zuwa bayan jirgi ka dawo. Kana zaune ma ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa, kana jujjuya ƙafa. Kar ka cusa jaka a ƙarƙashin kujerar gabanka ka toshe wa ƙafarka wuri. Bayan ka sauka, ko da an yi kwanaki, idan ka ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ƙirji yana ciwo numfashi yana yi maka wuya, asibiti kai tsaye, kuma ka gaya musu ka yi doguwar tafiya.

Sai iska. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000, kuma danshinta yakan yi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Wato hunturu ne sosai, irin na watan Janairu a Katsina. Shi ya sa leɓe ke tsagewa, hanci ya bushe, kai ya yi nauyi. Jirage irin Boeing 787 da Airbus A350 sun ɗan fi sauƙi ta wannan fannin. 'Yan'uwanmu masu sikila, wannan ya shafe ku kai tsaye, domin ƙarancin iskar shaƙa, rashin ruwa a jiki da sanyi duk suna iya tayar da ciwon. Ku yi shawara da likitanku, ku riƙe maganinku a jakar hannu. Dabarar ruwa kuwa ita ce: a yawancin filayen jirgi ba za a bar ka ka wuce wurin bincike da abin ruwa-ruwa da ya wuce mililita 100 ba, amma ba wanda zai hana ka wucewa da gora ba komai a ciki. Ka cika ta bayan bincike, ko ka miƙa wa ma'aikatan jirgi su cika maka.

Jakar hannu ta ƙunshi rigar sanyi, safa, man leɓe, buroshi, abin rufe ido, abin toshe kunne, caja, da kaya kala ɗaya na canji ko da babbar jaka ta yi lattin isowa. Fawa-bank a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda a sa shi a kayan awo ba. Batun abinci, Qatar, Turkish da Emirates abincinsu na halal ne. Idan kuwa jirgin Turai ko na Amurka za ka hau, shiga shafinsu ka zaɓi abincin Musulmi tun kwana biyu kafin tafiya, lambarsa MOML. Har da ɗan gata a ciki, sau da yawa kai ake fara kawo wa. Sannan bel ɗin kujera, bar shi a ɗaure ko kana barci. A watan Mayun 2024 wani jirgi daga Landan zuwa Singafo ya faɗa mummunar jijjigar iska, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata. Abin ba ya sallama kafin ya zo.

To mu dawo falon hutu. Abin ya daɗe fa, tun 1939 kamfanin American Airlines ya buɗe irinsa na farko a filin jirgin LaGuardia da ke New York. Me ke ciki? Kujeru masu laushi, abinci da abin sha ka ɗiba da kanka, wurin caji, intanet, wasu kuma har da wurin wanka. Mutane da yawa sun ɗauka sai mai tikitin bizines ke shiga. A'a. Mai ikonomi yana da ƙofa huɗu.

Ta farko, ka biya a bakin ƙofa. Yawanci dala 30 zuwa 60 ne, na awa uku ko makamancin haka. Ta biyu, katin Priority Pass, wanda ke aiki a faluka sama da 1,300 a faɗin duniya. Ta uku, katin banki, domin wasu manyan katunan Visa da Mastercard suna zuwa da damar shiga kyauta sau kaɗan a shekara. Tambayi bankinka, mutane da yawa suna yawo da wannan dama a aljihu ba su sani ba. Ta huɗu, tara maki a kamfani ɗaya. Ethiopian, Turkish da EgyptAir duk suna ƙungiya ɗaya, Star Alliance. Idan ka kai matakin zinare a ɗaya daga cikinsu, za ka shiga falon sauran ko da tikitin ikonomi ne a hannunka. A tsarin Miles&Smiles na Turkish, mil 40,000 cikin wata goma sha biyu ke kai mutum wannan matakin. Alhajin da ke zuwa Sin sau huɗu ko biyar a shekara bai buɗe asusun tara maki ba, wallahi kuɗi yake zubarwa a hanya, ga shi buɗewar kyauta ce.

Yanzu mu yi lissafi irin na Kantin Kwari. A farashin 2024, ƙaramin tsarin Priority Pass dala 99 ne a shekara, kuma duk shiga sai ka ƙara dala 35. Idan sau biyu ka shiga a shekara, zuwa da dawowa, ka kashe dala 169. Wato kowace shiga ta tsaya maka kusan dala 85. Canza wannan zuwa naira ka gani. Ɗalibin da ke zuwa gida sau ɗaya a shekara ba shi da hurumi da wannan katin, gara ya biya a ƙofa ranar da yake buƙata. Babban tsarin kuma dala 469 ne, shiga ba iyaka, amma sai mai tafiya kusan kowane wata zai ci ribarsa.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi. Idan zangon bai kai awa uku ba, manta da falo. Kafin ka sauka, ka sake bin layin bincike, ka nemo ƙofar jirginka, lokacin ya tafi. Filin jirgin Istanbul kaɗai sai ka yi tafiyar minti ashirin a ƙasa daga wannan ɓangaren zuwa wancan. Idan awa huɗu ne zuwa takwas, a nan falo yake da amfani, musamman mai wurin wanka. Ka yi wanka, ka canza kaya, ka ci abinci mai zafi, ka cika waya da caji. Kuɗin da za ka kashe kan burodi da shayi sau biyu a shagunan filin jirgi ya kusa rabin kuɗin falon. Idan kuwa zangon ya wuce awa takwas, kafin ka biya ko sisi, tambayi kamfanin jirgin maganar otal. Ethiopian yana ba fasinjojin da zangonsu ya kama daga awa 8 zuwa 24 masauki idan babu jirgin da ya fi kusa. Turkish ma yana da irin wannan tsari da nasa sharuɗɗan, har da yawon buɗe ido kyauta a cikin Istanbul, sai dai fita daga filin jirgi yana buƙatar biza ga mai fasfo ɗin Najeriya. Ka bincika wannan tun kana gida.

Kuma kar ku raina abin da yake kyauta. A filin jirgin Hamad na Doha akwai ɗakunan hutawa marasa hayaniya masu kujerun kishingiɗa, na maza daban na mata daban, ga wuraren salla, ga lambun nan da suka buɗe a 2022. Ba a karɓar ko kwabo. Wani lokacin ma falon da ka biya za ka tarar ya cika maƙil, har da layi a ƙofa, alhali can ƙarshen filin akwai kujeru ba kowa.

Gargaɗi ɗaya ga wanda ya shiga falo: da yawansu ba sa sanar da tashin jirgi a lasifika. Ka ci ka ƙoshi, ga sanyin na'ura, ga gajiya, sai barci. Ƙofar jirgi kuma ana rufe ta minti 15 zuwa 20 kafin tashi. Idan laifinka ne ka rasa jirgin, kamfani ba dole ne ya ɗauki nauyinka ba, sabon tikiti ko tara ya hau kanka. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Saita ƙararrawa biyu, ka bar falon da sauran awa ɗaya.

Na ƙarshe, barci. Da ka hau jirgi na biyu, mayar da agogonka lokacin garin da za ka. Idan dare ne a can, rufe ido ko da barcin bai zo ba. Idan rana ce, daure ka kalli fim. Tafiya gabas ta fi wahalar da jiki fiye da tafiya yamma, kuma jiki yakan ɗauki kusan kwana ɗaya kan kowace awa ta bambanci kafin ya daidaita. Don haka ɗan'uwa, kar ka sa muhimmin ciniki ko jarrabawa a safiyar da ka sauka. Fita ka sha hasken rana, ka jira dare ya yi sannan ka kwanta.

Idan kana da ɗan'uwa ko ƙawa da za su yi tafiyarsu ta farko, tura musu wannan, musamman ɓangaren jinin nan. Wanda kuma ya taɓa biyan kuɗin falo a Addis, Doha, Alkahira ko Istanbul, ya gaya mana nawa ya biya kuma ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, don na baya su amfana. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.