BATUN TOSHE LAYI: JAWABIN KWAMITIN WALWALA A TARON ƘUNGIYA



Kamar yadda kowa ya sani, a taron da ya wuce an karanta mana takardar da ƙungiyar masu gidaje ta aiko, wadda a ciki suke neman mu sa hannu, mu kuma ba da namu kason kuɗi, domin a kafa turakun ƙarfe a toshe bakin layin nan da ya ɓulle bayan kasuwa. Dalilinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Da zarar gosulo ya kama a babban titi sai danfo da motocin gida su kwararo ta cikin layin suna neman yanke, ga gudu ga ham, har kwanan baya aka buge wata yarinya mai talla, Allah dai ya taƙaita abin a karaya. A ranar an yi ta ka-ce-na-ce, aka tashi ba matsaya, sai dattawa suka ce kwamiti ya je ya bincika ko akwai inda aka taɓa yin irin wannan. To mun bincika, kuma inda muka fi samun cikakken labari shi ne birnin Landan na ƙasar Ingila.

Su a can suna kiran abin unguwa mai ƙarancin zirga-zirgar motoci. Ba wai ana hana mota shiga unguwa ba ne, a'a. Kowane gida mota na iya zuwa ƙofarsa. Abin da ake hanawa shi ne ratsewa, wato mutum ya shigo ta wannan baki ya fita ta wancan alhali ba shi da wata hulɗa da unguwar. Sai a samu tsakiyar layi a ajiye manyan akwatunan katako cike da ƙasa da shuke-shuke, ko a kafa turaku, a bar 'yar kafa wadda mai tafiya a ƙasa da mai keke za su wuce. Mai mota kuwa ta inda ya shigo ta nan zai fita. A wasu wuraren ma ba a tare hanyar da komai, kyamara ce kawai ke ɗaukar lambar mota, sai takardar tara ta iske mutum har gida. A shekarar 2020 tarar fam 130 ce, a rage rabi in an biya cikin mako biyu.

Dabarar tsohuwa ce. Garin Groningen na ƙasar Holan ya raba tsakiyarsa gida huɗu tun 1977, ya hana mota tsallakawa daga wannan yanki zuwa wancan sai ta koma titin da ya kewaye gari. Abin da ya sake ta da maganar a zamaninmu shi ne wayar hannu. Da can sai ɗan gari ya san lungu. Yanzu kuwa Google Maps na nuna wa kowane baƙo hanyar yanke, kun ga layin da aka yi domin gidaje talatin ya koma titin kowa da kowa. Wannan dai mu ma ba sai an ba mu labari ba.

A Landan, ƙaramar hukumar Waltham Forest na cikin waɗanda suka fara da gaske. A 2014 ta samu wajen fam miliyan 27 daga hukumar sufurin birnin domin gyaran tituna saboda masu keke da masu tafiya a ƙasa, ta shiga toshe layuka. Mutane ba su karɓa da hannu biyu ba. Ranar da aka yi bikin buɗe titin Orford a 2015, bayan an hana motoci binsa da rana, masu adawa har akwatin gawa suka ɗauko suka zo da shi, wai an kashe musu kasuwa. Titin nan yana nan, shaguna da gidajen abinci na ci, kuma ba a mai da motocin ba.

Sai annobar korona ta zo a 2020, gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 250 ta ce wa ƙananan hukumomi su hanzarta. Nan ne fa aka yi ɓarna. A wurare da yawa mutum ya kwanta da hanya ya tashi ya tarar da akwati a tsakiyar layinsu, ba wanda ya tambaye shi. Ƙaramar hukumar Wandsworth ta kwashe nata bayan 'yan makonni. Ealing ta kwashe mafi yawan nata a 2021, bayan zanga-zanga. A garin Oxford kuwa da dare ake zuwa a tumɓuke turakun, wasu ma a cinna musu wuta.

To me aka samu da ƙura ta lafa? Masana a Jami'ar Westminster sun tattara ƙidayar motoci ta irin waɗannan unguwanni 46 a ƙananan hukumomi 11 na Landan, suka fitar da sakamako a farkon 2023. A cikin layukan da aka toshe, motoci sun ragu da kusan rabi. A manyan titunan da ke kewaye da su kuwa, in an haɗa duka an raba, ƙarin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Wani binciken na 2021 ya nuna cewa raunukan haɗarin mota a cikin unguwannin su ma sun ragu da kusan rabi. Gaskiya ɗaya ce, ƙungiyar da ta ɗauki nauyin bincike na farkon mai goyon bayan shirin ce, amma ƙidayar ta hukumomi ce, ba ita ta ƙirga ba. Kuma shi kansa Firayim Ministan wancan lokaci, Rishi Sunak, wanda ya nuna ba ya ƙaunar shirin har ya sa a sake duba shi a 2023, da rahoton ya fito a 2024 sai ga shi masu goyon baya a unguwannin da aka tambaya sun ninka masu adawa.

Wani zai ce, to ina motocin suka shiga, ƙasa ta haɗiye su? Wasu sun koma babban titi, wasu kuwa tafiyar ce aka fasa ta da mota. Wanda a da yake ta da mota domin kai yaro makarantar da ke bayan gida, da ya ga sai ya yi dogon zagaye, sai ya kama hannun yaron su taka.

Amma jama'a, a nan muke so a saurara da kyau, domin nan ne maganar ta shafe mu. Wannan lissafi na a haɗa a raba yana ɓoye abu. A cikin manyan titunan da aka ƙirga, kusan rabi motoci sun ragu, kusan rabi kuma sun ƙaru, wasu ma ƙari mai yawa. Wanda gidansa ke bakin titin da abin ya ƙaru, ba ruwansa da matsakaicin lissafi, hayaƙin da ke shiga ɗakinsa ya sani. Akwai wata yarinya 'yar shekara tara, Ella Adoo-Kissi-Debrah, da ke zaune kusa da wani babban titi a Lewisham, kudancin Landan, wadda ciwon asma ya yi ajalinta a 2013. A watan Disamba na 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta, karo na farko ke nan da aka rubuta haka a ƙasar. Mahaifiyarta, Rosamund, wadda ta kwashe shekaru tana yaƙi da hayaƙin mota, tana cikin waɗanda suka soki toshe layukan da aka yi a yankinsu, domin a ganinta an kwashe hayaƙin daga ƙofar wasu an kai ƙofar wasu. Ba za a ce wannan baiwar Allah son mota ne ya sa ta magana ba.

Yanzu mu dawo gida. Su wane ne a bakin babban titinmu? Masu shayinmu ne, da masu tireda, da masu tsire, da masu gyaran takalmi, da 'yan canji. Galibin masu gidajen da suka rubuto takarda a cikin layi suke. Mu kuwa muna da mutane a ciki muna da mutane a waje, saboda haka ba mu da damar duba gefe ɗaya. Waɗanda suke nan lokacin da ake gina gadar Pen Cinema, kafin a buɗe ta a 2021, sun ga yadda mota take in an tare mata hanya: kamar ruwan sama take, sai ta nemi gangare.

Bugu da ƙari, mutumin Landan da ya ajiye motarsa yana da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa a kusa, kuma a unguwannin tsakiyar birnin fiye da rabin gidaje ma ba su da mota. Mu a nan Ikko, jirgin da ke bi ta tashar Agege zuwa Oyingbo ya fara ɗaukar fasinja a 2024, an gode Allah, amma direban danfo ba yawo ya fito ba da zai fasa. Kada mu sa rai motoci za su ragu a nan kamar yadda suka ragu a can.

Sai maganar masu neman abinci da ƙafa da ƙarfi. A Ingila waɗanda suka fi kuka su ne direbobin tasi, da masu kai kaya, da naƙasassu da masu jinyarsu. Hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta Landan ma ta koka da turaku, shi ya sa a wurare da dama aka cire su aka sa kyamara. Mu ba mu da kyamara, ƙarfe da kwaɗo muke da su. In an kafa turaku a matse, ina mai kurar ruwa zai bi? Ina mai baro? Ran da aka yi gobara, ko naƙuda ta zo wa mace da tsakar dare, ko aka ɗauko makara, wa ke riƙe da makulli? 'Yan'uwanmu masu babur sun ɗanɗana irin wannan tun dokar 2012 da ta hana su tituna 475, da kuma hanin 1 ga Yuni 2022 a ƙananan hukumomi shida. Duk wata doka ta hanya, a kanmu take fara sauka, kuma yawanci sai an gama shawara muke ji. Wannan karon an tambaye mu tun da wuri, ya kamata mu yaba wa maƙwabtanmu a kan haka.

Tambayar mutane ba ƙaramin abu ba ne. A watan Mayu na 2025 babbar kotu a Landan ta ce toshe layukan West Dulwich da ƙaramar hukumar Lambeth ta yi ya saɓa doka, ba domin shirin ba shi da amfani ba, sai domin mazauna wurin sun kawo ƙorafinsu a rubuce ba a duba shi yadda ya kamata ba. A nan ma akwai hukuma. Tun zamanin Gwamna Fashola gwamnatin jiha ta sha nanata cewa ƙofofin layi su kasance a buɗe daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 12 na dare. Ke nan in muka tara kuɗi muka kafa ƙarfe ba da takardar izini ba, ana iya zuwa a tumɓuke shi rana tsaka, mu yi biyu babu.

Saboda haka ga abin da kwamiti ke ba da shawara a rubuta wa masu gidaje. Mun yarda a hana ratse, domin ran yaranmu da nasu ya fi minti goma na direba. Amma ba za mu ba da ko kwabo ba sai an samo izinin ƙaramar hukuma a rubuce, mun gan shi da idonmu. A bar kafar da kura da baro za su wuce a sake, a sa turken tsakiya ya zama mai cirewa, makulli ɗaya a wurin mai gadi, ɗaya a gidan Sarki. A fara da gwajin wata uku da durom cike da yashi kafin a zuba siminti. Sa'an nan a kira mutanen bakin titi, namu da Yarabawa da Ibo, a zauna da su kafin a fara da kuma bayan wata ukun, in sun ce abin ya fi ƙarfinsu a sake shawara.

Abu na ƙarshe, mutanen Landan sun iya gardama da hujja ne domin sun ƙirga motoci kafin su toshe. Mu ma muna son ƙirgawa. Muna neman samari takwas masu biro da littafi, huɗu a bakin layi, huɗu a babban titi, safe da yamma har kwana bakwai, daga ranar Litinin. Ƙungiya za ta ba da kuɗin shayi. Mai so ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.