Gyara Kan Takardar "Shafin Sirri" Da Muka Liƙa A Shaguna

 

Na miƙe ne don in yi gyara, kuma kuskuren nawa ne. Ni na rubuta takardar gargaɗin nan da muka liƙa shekarun baya a shagunan kwamfuta na 'yan ƙungiya a nan Potiskum, inda yaranmu ke duba sakamakon jarrabawa, 'yan kasuwar shanu kuma ke duba asusunsu na banki. Na ce wanda zai hau kwamfutar da ba tasa ba ya danna Ctrl da Shift da P, shafin sirri zai buɗe, ba mai sanin abin da ya yi. To jama'a, rabin maganar ta tsufa, rabin kuwa tun farko ba daidai ba ce.

Lokacin da na rubuta, yawancin shagunanmu Internet Explorer suke amfani da ita wajen shiga intanet. Kamfanin Microsoft ya yi mata ritaya ranar 15 ga Yunin 2022. A Firefox har yanzu P ɗin na aiki, amma a Chrome da Edge, N ake dannawa. Wanda ya danna P a can, akwatin buga takarda zai fito masa. Wani yaron shago ya ba ni labarin wani dattijo da ya bi takardarmu, ya ga akwati ya fito, ya rufe, ya ɗauka shi ke nan ya shiga sirri. Ya gama ya tafi sallah ya bar imel ɗinsa a buɗe. Allah ya sa yaron mai amana ne.

Sunan ma ba ɗaya ba ne. Chrome na ce masa Incognito, Edge na ce masa InPrivate, burauzar Samsung kuma Secret mode. A waya babu maɓallan nan sam, sai ka taɓa jerin zaɓi na burauzar ka nemo shi.

Yanzu ga babban kuskuren. Abin da shafin sirri ke yi shi ne, idan ka rufe shi gaba ɗaya, ba ya barin tarihin shafukan da ka shiga a kan na'urar. Iyakarsa ke nan. Kamar mutum ne ya share sawunsa a zaure, amma mutanen titi sun ga shigarsa. In ka sauke bayanin asusunka na banki, yana nan zaune a kwamfutar shagon sai ka goge shi da hannunka. Kamfanin layinka, ko MTN ko Airtel ko Glo, yana iya ganin inda ka leƙa, ga shi tun ƙarshen 2020 aka fara haɗa layuka da lambar NIN. In ka sa sunanka a Facebook, ai ka gaya musu ko kai wane ne. Mai shago marar tsoron Allah kuma, in ya ɗora manhajar leƙen asiri, shafin sirri ba ya tare ta.

Kada ku ce mu kaɗai muka ruɗe. A 2020 wasu mutane a Amurka sun kai Google ƙara, suna neman diyyar dala biliyan 5, cewa yana tattara bayanansu alhali suna cikin Incognito. A 2024 aka bayyana sharuɗɗan sulhu: kamfanin ya amince zai goge biliyoyin bayanai, ya kuma sauya rubutun da ke fuskar shafin don ya fito fili cewa shafukan da ka ziyarta, har da nasa, suna iya tattara bayananka.

Don haka, ranka ya daɗe shugaba, roƙona shi ne a cire tsohuwar takardar yau ɗin nan. Sabuwar za ta ɗauki sunan kowace burauza daban, da ranar da aka rubuta ta a ƙasa, kuma a ba matasa biyu aikin gwada ta kan kwamfuta da waya duk bayan wata shida. Masu shaguna ku tsaya bayan addu'a, na zo da kwafi ashirin.