Ruwan Dutse Ba Ya Zama a Bisa

 Karatunmu na yau yana cikin Matiyu sura 17.

Wanda ya taɓa hawa ɗaya daga cikin duwatsun ƙasar Rano da damina ya san daɗin abin. Iska tana kaɗawa, gonakin gero da dawa sun yi kore shar har iyakar ganin ido, mutum ya ji kamar kada ya sauko.

A ƙasashen Littafi Mai Tsarki akwai Dutsen Harmon, a kan iyakar Labanon da Siriya. Tsawonsa mita 2,814 ne. Da hunturu ƙanƙara takan rufe shi, har mutane sukan je wasan zamiya a kanta. Da zafi ya zo, masu yawo sukan bi ta kan tsaunin suna kallon ƙasa daga nesa. Masana da yawa suna ganin a nan ne Yesu ya sāke kama a gaban Bitrus da Yakubu da Yahaya, gama Kaisariya Filibi tana gindinsa.

Bitrus ya ga ɗaukaka, sai ya so a kafa bukkoki a zauna. Amma Ubangiji ya sauko da su. Me ke jiransu a ƙasa? Wani uba ne da ɗansa mai farfaɗiya, yana neman taimako.

Ku lura da dutsen nan kansa. Ƙanƙarar da ya karɓa ba ya riƙe ta. Takan narke, ta shiga ƙasa, ta ɓuɓɓugo a gindinsa, ta zama mafarin Kogin Urdun.

'Yan'uwa, mu ma mukan hau dutse. Mukan je babban taro, mu yi azumi, mu raira waƙoƙi har zuciya ta cika. Madalla. Amma da ka dawo gida Durba ko Kibiya, wa ya sha daga ruwan? Gwauruwar da rumbunta ya ƙare kafin kaka, ka leƙa ta? Ɗan'uwan da kuka yi faɗa a kan iyakar gona, ka je kun shirya?

Kafin Lahadi mai zuwa, ka zaɓi mutum ɗaya ka sauko wurinsa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, albarkar da ka ba mu a bisa, ka sa ta gangaro zuwa ga maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu. Amin.